Takalmin da aka ce Nadal ya ci kofi da shi: in sayar da riɗina in saya?

"Assalamu alaikum Alhaji. Ni ɗan kasuwar takalma ne, ina zaune a wani ƙauye kusa da Gujungu, ina cin kasuwar Gujungu ran Lahadi da ta Maigatari ran Alhamis. Wani abokin harkata ya kawo min kambas ƙirar Nike, akwai zanen ƙahon sa da sunan Rafa a dunduniya, duk jikinsa jar ƙura, da sa hannu da baƙar maka a gefe. Ya ce yayansa da ke aiki a Sifaniya ne ya aiko da shi, wai da shi Rafael Nadal (Rafa), zakaran tanis na Sifaniya, ya ci wasan ƙarshe na gasar tanis ta Faransa. Akwai wata takarda mai hatimi da ta zo tare da shi. Yana neman naira 600,000, ya ce Turawa za su saya da miliyoyi. Ba ni da kuɗin a hannu sai in na sayar da riɗin da na ajiye. Don Allah yaya ake gane na gaske, kuma da gaske ne ana sayen tsohon takalmi da irin wannan kuɗi?"

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi wa kasuwa albarka. Tambayarka gida biyu ce. Na farko, shin da gaske akwai masu zuba maƙudan kuɗi a kan takalmin da wani zakara ya sa ya yi gumi a cikinsa? Na biyu, shin wannan da aka kawo maka yana cikin irinsu? Na farkon gaskiya ne, babu ko tantama. Na biyun kuwa gara in faɗa maka tun yanzu, don ka karanta sauran da kwanciyar hankali: kada ka taɓa riɗinka a kan bayanin da ka ba ni. Ban ce abokinka maƙaryaci ne ba, domin sau da yawa mai kawo irin wannan kaya shi ma faɗa masa aka yi ya yarda. Amma duk alamomin da ka lissafa, ƙahon san da sunan da jar ƙurar da sa hannun da takardar, babu ko ɗaya a cikinsu da ke tabbatar da cewa ƙafar Nadal ta taɓa shiga takalmin nan.

Ina yaro na yi tsintar ƙwallo a filin tanis a birnin Kano, na kuma buga wasan daidai gwargwado. Daga baya na shiga harkar takalma a Ƙofar Wambai, inda fasa dila da ware lamba ɗaya daga lamba biyu ya zama sana'ata. Yanzu na dawo gida wajen Wudil, amma ba a daina kawo min kambas in duba ba, musamman tun da samari suka gano cewa wasu tsofaffin ƙira suna da masu nema a intanet.

Me masu kuɗin suke saye?

A watan Afrilun 2023 gidan gwanjon Sotheby's, ɗaya daga cikin manyan gidajen da ake taya kaya ana ƙarawa har a sallama wa wanda ya fi, ya sayar da wani takalmin Michael Jordan, zakaran ƙwallon kwando na Amurka, a kan dala miliyan 2.2. Da shi ya buga wasa na biyu na zagayen ƙarshe na gasar NBA ta 1998. Ƙirar Air Jordan 13 ce, baƙi da ja, irin wadda kamfanin ya buga da yawa ya watsa a kantuna. Abin da ya raba wannan da 'yan'uwansa shi ne an san hanyar da ya biyo. Bayan an tashi wasan a Utah, Jordan ya sa masa hannu ya ba yaron da ke yi wa baƙin 'yan wasa hidima a ɗakin canza kaya. Kafin a fitar da shi kasuwa kuma sai da wani kamfani mai suna MeiGray ya gwada shi da hotunan wasan ya tabbatar shi ne.

Labarin rigar Maradona ya fi wannan koyar da darasi, kuma na san kun fi sanin sa a majalisa. Rigar da ya ci Ingila ƙwallaye biyu da ita a gasar cin kofin duniya ta 1986 a Meksiko ta tafi a kan fam miliyan 7.1 a watan Mayun 2022. Mai ita shi ne Steve Hodge, ɗan wasan Ingila da ya buga wasan, ya kuma yi musayar riga da Maradona bayan an tashi. Rigar ta yi shekaru a gidan tarihin ƙwallon ƙafa na Ingila kowa yana gani. Duk da haka, ana gab da gwanjon 'yar Maradona ta fito ta ce wannan rigar da ya sa kafin hutun rabin lokaci ce, ba wadda ya ci ƙwallayen da ita ba. Abin da gidan gwanjon ya dogara da shi shi ne binciken wani kamfani, Resolution Photomatching, wanda ya gwada zare da layukan rigar da hotunan bayan hutun rabin lokaci. Ka duba fa, mutumin da ya karɓa hannu da hannu, duniya ta san ya buga wasan, shi ma sai da aka nemi ƙarin hujja a kan kayansa.

Kayan tanis ba su kai waɗannan tsada ba, kuma ya kamata ka san haka kafin kalmar miliyoyi ta ɗauke maka hankali. A 2021 Roger Federer, zakaran tanis na Suwizalan, ya kwaso kayan wasansa da kansa, riguna da raket (abin buga ƙwallon tanis) da takalma, ya ba gidan gwanjon Christie's na Landan don a tara wa gidauniyarsa mai tallafa wa karatun yara a kudancin Afirka da Suwizalan kuɗi. Ɗaruruwan kaya ne, kuma jimillar abin da aka samu kusan fam miliyan 3.4 ne. A cikinsu har da kayan da ya ci gasar Faransa ta 2009 da su, takalman suna ɗauke da jar ƙurar filin ba a goge ba. Shi kuwa Nadal, raket ɗin da ya doke Federer da shi a wasan ƙarshe na gasar Faransa ta 2007 ya tafi a kan dala 118,000 da 'yan kai a farkon 2024. Kuɗi ne masu yawa a wurinmu, amma ka lura da irin kayan da ke kai wa nan: na wasan ƙarshe, na shekara sananniya, daga hannun da aka sani.

Wato abin da ake biya shi ne hujjar da ta ɗaure wannan takalmin da wannan ƙafar a wannan ranar. Kai ɗan ƙauye ne, ka san yadda cinikin gona yake. Ƙasa ɗaya ce ko'ina, amma gonar da aka sayar a gaban mai unguwa, da shaidu, da maƙwabtan iyaka, da sanin wanda ya gada daga wa, ita ce gona. Wadda wani baƙo ya nuna maka da baki ya ce ta kawunsa ce, ko takarda ya riƙo, ba za ka ƙirga masa kuɗi ba.

Alamomin da ka gani

Sunan Rafa da ƙahon sa ba su da nauyi ko kaɗan. Nike ta daɗe tana buga takalman tanis masu wannan tambari tana sayar wa kowa a kanti, kamar yadda take yi da na sauran taurarinta. Kai kanka ka sayar da farin adidas mai hoton Stan Smith a harshe ba adadi. Stan Smith mutum ne na gaske, Ba'amurke ɗan tanis da ya ci gasar Amurka a 1971 da ta Wimbledon ta Ingila a 1972, amma ba wanda ya taɓa zaton duk takalmin da ke ɗauke da fuskarsa daga ƙafarsa ya fito.

Jar ƙurar ce ta fi ruɗar mutane, don haka bari in tsaya a kanta. Filin Roland Garros da ke Paris, inda ake gasar Faransa, garin jan bulo ne ake barbaɗawa siriri, kaurinsa bai wuce milimita biyu ba, a kan daɓen farar ƙasa da aka dandaƙe. Garin yana da laushi ƙwarai, yana shiga ramukan tafin takalmi da saƙar yadin da igiya, yana rina safa. Amma irin wannan fili ya cika Sifaniya da Faransa da Italiya, kuma duk ɗan makarantar da ya buga wasa a kansa zai koma gida da jan takalmi. Don haka ko da ƙurar ta filin tanis ce ta gaske, abin da ta nuna kawai shi ne wani ya buga wasa da takalmin. Balle kuma mu nan da muke da jar ƙasar burji a kowace hanya, da jan bulon da kowa zai iya dakawa. Idan ka murza ƙurar a tsakanin yatsu ka ji tsakuwa-tsakuwa ko yashi, ta hanya ce.

Daga nan sai ka kifa takalmin ka dubi tafinsa, domin nan ne ba ya ƙarya. Manyan gasannin tanis huɗu ne, kuma filayensu iri uku ne. Ostareliya da Amurka daɓe ne mai tauri, Wimbledon ciyawa ce, Faransa kuma garin bulon da na faɗa. Kowane fili da tafinsa. Na ciyawa yana da ƙananan ƙuraje jere. Na jar ƙasa zane ne mai lanƙwasa irin na ƙashin kifi daga hanci har dunduniya, don ɗan wasa ya iya zamewa ya kuma tsaya inda yake so, ƙurar ta fita daga ramukan da kanta. Na daɓe mai tauri ya fi kauri, kuma sau da yawa zanensa gauraye ne. Idan tafin da ke hannunka ba na jar ƙasa ba ne, magana ta ƙare a nan.

Idan kuwa na jar ƙasar ne, to dubi inda ya ci. Mai tafiya a kan kwalta da siminti yana cinye gefen dunduniya na waje, ka san wannan daga kayan da kake sayarwa kullum. Ɗan tanis a kan gaban ƙafarsa yake rayuwa. Takalminsa yana gogewa a ƙarƙashin babban yatsa, da hanci, da gefen ciki inda yake jan ƙafa idan ya zame ko ya kai wa ƙwallo miƙa. Garin bulo ba ya cin roba kamar siminti, kuma manyan 'yan wasa ba sa daɗewa da takalmi ɗaya, kamfani ne ke ba su suna canzawa. Saboda haka takalmin wasan ƙarshe yakan zama mai datti amma tafinsa da sauran rai sosai. Wanda tafinsa ya shafe ya yi sumul, dunduniya ta karkace, wannan ya sha yawon gari ne. Wani abu kuma, Nadal da hagu yake buga wasa, wato a wajen sabis, bugun da ake fara wasa da shi, ƙafar hagunsa ce a baya. Na sha kama takalmin da aka jingina wa wani ɗan wasa alhali goguwar hancinsa tana nuna mai ɗaya hannun ne ya sa shi. Wannan alama ce mai taimakawa, ba hukunci ba.

Sai ciki. Ɗaga harshen ka karanta 'yar takardar da ke manne. Nike tana buga lambar ƙira da girman ƙafa da ƙasar da aka yi shi da watannin da aka ɗinka shi. Idan kwanan ɗinkin ya zo bayan ranar wasan da ake magana, ka huta. Takalmin da kamfani ke yi wa babban ɗan wasa na musamman kuma yawanci takardarsa ta bambanta da ta kanti, sau da yawa za ka ga an buga SAMPLE a jiki. Masu jabu sun san wannan suna kwaikwayo, don haka samunta ba ya wanke takalmi, amma ganin takardar kanti ta yau da kullum babban dalili ne na ja da baya. Game da Nadal akwai ƙarin abu. Tun 2005 yake fama da wata cuta a ƙashin ƙafarsa ta hagu da ake kira Müller-Weiss, wadda ta sa dole ya riƙa amfani da shimfiɗar ciki ta musamman da aka auna da ƙafarsa. Shi da bakinsa ya faɗa bayan wasan ƙarshe na 2022 cewa da allurar kashe zafi a ƙafar ya buga gasar. Takalmin mutum irin wannan ba a ɗauko shi daga kan kanta.

Sa hannu abu ne dabam da sawa a ƙafa, kuma mutane suna haɗa su. Bayan kowane wasa 'yan wasa suna tsayawa su sa wa 'yan kallo hannu a ƙwallo da hula da riga da takalmin da suka miƙo. Yana yiwuwa sa hannun na gaske ne a kan takalmin kanti, kuma wannan yana da 'yar darajarsa, amma ba ta kusa da ta wanda aka buga wasa da shi. Yana kuma yiwuwa na jabu ne. A ƙarshen shekarun 1990 hukumar FBI ta Amurka ta bankaɗo wata babbar ƙungiya a binciken da ta kira Operation Bullpen, masu ƙirƙirar sa hannun taurarin wasanni, kuma kayansu da takardun shaida masu hatimi suke fita. Takardar da ke da amfani ita ce ta kamfanin da aka sani, irin su PSA da Beckett da JSA, mai lambar da za ka shigar a shafinsu na intanet ka ga ko bayanin da ya fito ya dace da kayan da ke gabanka. Ko ita ma sau da yawa sa hannun kawai take shaida, ba ta cewa an buga wasa da takalmin.

Tambayar da za ka fara yi masa

Abokinka ya ce wasan ƙarshe na gasar Faransa. Tambaye shi na wace shekara. Nadal ya buga wasan ƙarshe na wannan gasa sau 14 kuma ya cinye duka: daga 2005 zuwa 2008, daga 2010 zuwa 2014, daga 2017 zuwa 2020, sannan 2022. Kusan kowace shekara da launin kayan da aka ɗinka masa, ƙirar takalmin ma ta sha canzawa, wasu shekarun har da adadin kofunan da ya ci a rubuce a dunduniya. Wanda ya mallaki takalmin gaske ba ya rasa sanin shekara da abokin karawa, domin su ne kuɗin.

Idan ya ba ka shekara, ka sayi data ka nemi wasan a YouTube da hotunansa. Gwada launi da ƙira da igiya da rubutun dunduniya. A nan mafi yawan labaran suke mutuwa, kuma bai ci maka komai ba. Kayan manyan gasanni a rubuce suke dalla-dalla, har ƙananan abubuwa. A Wimbledon ta 2013, inda dokar farin kaya take da tsauri, an hana Federer sake sa takalminsa bayan wasan farko saboda tafinsa ruwan lemo ne. Duk wanda ya zo da irin wannan ya ce na zagaye na biyu ne, hoto zai ƙaryata shi.

Idan launi da ƙira sun dace, ba a gama ba, an dai fara. Abin da ƙwararru ke yi shi ne su samo hotuna masu kaifi na ranar, su ƙara girmansu, su nemi abin da babu takalmi biyu da za su yi tarayya a kansa: wani ƙarce a gefe, zaren da ya tsinke, inda gam ya ɗan ɓullo, yadda fatar ta tattare a kan yatsu, tabon ƙura mai wata siffa. Wannan aiki ne na kamfanoni masu rumbun hotuna, kuma biya ake yi. Ni iyakata ita ce in riƙe takalmi in ce maka orijina ne ko jabu, na wasa ne ko na yawo, na wane fili ne, tafin zai yi ƙarko ko ya mutu. In ce maka ga ranar da aka sa shi, wannan ya fi ƙarfin duk wani ɗan kasuwa, kuma ko na ce, maganata ba za ta ƙara masa ko sisi ba a wurin masu saye na waje.

Akwai kuma tambayar da nake so ka zauna da ita kai kaɗai. Takalmin zakara hanyoyinsa sanannu ne. Ko ya ajiye abinsa, kuma Nadal yana da gidan tarihi a makarantar tanis ɗinsa da ke Manacor, garinsu a tsibirin Mallorca. Ko ya ba gidan tarihi irin na Wimbledon. Ko kamfanin ya karɓa ya adana. Ko ya bayar a yi gwanjo don taimako. Ko ya ba wani na kusa ko ya jefa wa 'yan kallo, kuma a zamanin nan da wuya hakan ta faru ba a ɗauka a waya ba. To mutumin da ke zaune a Sifaniya, ƙasar Nadal, inda masoyansa da masu tara kayansa suka fi yawa, me zai sa ya tsallake su duka ya aiko da takalmin Jigawa a sayar naira 600,000, don a sake mayar wa Turawan? Ka yi wa abokinka wannan tambaya cikin mutunci, domin mai yiwuwa shi ma bai yi wa yayan nasa ba.

Ko da a ce na gaske ne

Bari mu ɗauka ya tsallake duk wannan. Har yanzu ba irin jarin da ya dace da kai ba ne. Riɗi ko yau ka kai shi Gujungu ko Maigatari za ka dawo da kuɗi a aljihu. Takalmin nan ba shi da mai saye a Jigawa ko Kano a kan farashin da ake kwaɗaita maka. Sai ka biya masu tantancewa da dala, ka biya kuɗin aikawa da inshora, gidan gwanjo ya cire la'adarsa, shi ma mai saye ana ɗora masa kashi 20 cikin 100 ko fiye a kan abin da ya taya, wanda ke sa ya rage tayinsa. Sannan ka jira watanni. Wannan harka ce ta mai rarar kuɗi, wanda in abin ya ƙi ba zai rasa na taki da damina ba.

Ga kuma yanayinmu, wanda ba ya raga wa kambas. Ka sha ganin takalmin da ya fito daga dila fes kamar sabo, mai saye ya sa kwana biyu tafin ya ɓare ko soson ya marmashe. Wani nau'in soson da ake sa wa a tsakiyar tafi yana shan danshin iska a hankali har ya ruɓe ko ba a taka shi ba, gam kuma yana sakewa da zafi. Ɗakin kwano a watan Afrilu, lokacin da zafin waje kansa ke haura digiri 40, yana tsufar da takalmi fiye da sawa. Damina ta kawo danshi da fumfuna, hunturu ya busar da fata ta tsattsage, ga gara ga ɓera.

Don haka duk wanda Allah ya ba irin wannan kaya na gaske, abu na farko kada ya wanke. Na san hannun ɗan gwanjo da ya ga datti omo da buroshi yake nema, amma a nan dattin yana cikin hujja, wanke shi zubar da kuɗi ne. Kada a kai wa shumeka ya ƙara gam ko ɗinki, kada a canza igiya, kada a gwada a ƙafa. A cusa masa farar takarda marar rubutu don kada ya lotsa, ban da jarida saboda tawada. A sa a kwali, a ɗora a sama nesa da ƙasa da rana, a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, kuma ginin ƙasa ya fi na kwano. A jefa 'yan ƙullin nan masu shanye danshi da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi. Kada a ƙulle shi a leda.

Abin da nake ba ka shawara

Ka ce wa abokinka ya bar maka takalmin kwana biyu, ko ku duba tare, ba tare da kafin alƙalami ba. Ka nemi shekara, da sunan wanda ya fara karɓa daga hannun ɗan wasan, da yadda ya zo hannun yayansa, da hoto ko bidiyo in akwai. Ka yi gwajin tafi da takardar harshe da YouTube. Idan ya tsallake, ku ɗauki hotuna masu kyau ta kowane gefe, da tafin, da takardar harshe, da takardar hatimin, ku aika wa ɗaya daga cikin manyan gidajen gwanjon ta shafinsu na gaskiya. Suna duba hoto su ba da ƙiyasi kyauta, kuma in kayan ba nasu ba ne za su faɗa ko su yi shiru. In sun nuna sha'awa, ba sai ka saya ba ma: ku rubuta yarjejeniya a gaban shaidu, kai ka yi wahalar, ka ɗauki la'adarka. Duk wanda ya biyo ka ta WhatsApp ko Facebook ya ce yana da mai saye a waje amma sai ka fara tura kuɗin rajista ko na kwastan, ɗan damfara ne.

Idan bai tsallake ba, kuma haka nake zato, to ka taya shi a matsayinsa na kambas ɗin Nike lamba ɗaya, in tafinsa da rai, a kan kuɗin da ka san za ka fitar a kasuwa. Amma in ka saya, labarin ya tsaya a wurinka. Kada ka sayar wa wani da sunan Nadal don an sayar maka da shi. Hadisin da ke cewa wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu sananne ne, kuma a kasuwar ƙauye, inda fuskokin da ka gani wannan Lahadin su za ka gani ta gaba, sunanka ya fi ribar takalmi ɗaya. Batun ko tara irin waɗannan kaya da kashe musu dukiya ya dace ko almubazzaranci ne, wannan na malamai ne, ka kai musu.

Wani abu da ke damuna duk lokacin da irin wannan magana ta taso shi ne namu da muke zubarwa. Nduka Odizor, ɗan Najeriya, ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon a 1983. Arthur Ashe, Ba'amurken da ya ci Wimbledon a 1975, yana tsakiyar wasa a Legas a watan Fabrairun 1976 sojoji suka fitar da shi daga fili, kwanaki kaɗan bayan kisan Janar Murtala. A Kano an daɗe ana gasar Dala Hard Court, zakarun ƙasar nan da yawa sun bi ta kanta. Takalma da raket da rigunan waɗannan lokuta, da na 'yan ƙwallonmu da 'yan dambenmu, mafi yawa an sa su har sun mutu ko an ba yara, kuma wanda ya rage ba wanda ya rubuta komai a kansa. Ba za su kawo dala miliyan ba, amma nan ne mutum irinka zai iya zama hannun farko, wanda hujja ke farawa daga kansa.

In kana da sha'awar harkar, ta nan za ka fara. Ka je gasa, ka nemi zakaran bayan wasa cikin ladabi, ka saya ko ya ba ka. A ɗauke ku hoto yana miƙa maka, bayan ka riga ka ɗauke shi yana wasa da takalmin a ƙafarsa, ka kuma ɗauki tafin da gefunan a wurin kafin ƙurar ta zube. Ka rubuta sunansa da sunan gasar da ranar da abokin karawarsa da sakamakon, ya sa hannu, mutum biyu su shaida. Hotunan kuma ka tura su imel ɗinka a ranar, domin waya tana ɓata ko ta lalace, kwanan watan da ke jikin saƙon kuwa shi ma shaida ne.